Jiranmu a Ƙasan Tsibiri

Litinin, da hantsi

Tun ranar Asabar muke nan a ƙasan tsibiri, mun saki anga, inji a kashe. Jirginmu mai turi ne, da manyan jiragen ƙarfe uku marasa inji a gabansa, waɗanda mu tirela muke ce musu. Kowacce shaƙe take da takin zamani da manoman can sama ke jira kafin ruwan farko ya zubo. A wannan lokaci na shekara hanya ɗaya ce jirgi mai nauyi zai bi, mashigin da ke tsakanin tsibiri da gaɓar gabas. To shi mutanen tsibiri suka tare da kwale-kwale, sun ɗaure su da igiya daga wannan gaɓa har waccan. Hukumar kogi ta ce kowa ya tsaya inda yake sai ta gama bincike kan abin da ya faru.

Ba jirgina ba ne ya taka mai kwale-kwalen. Jirgin da ke gabanmu ne, amma na kamfaninmu, fentinmu ɗaya, tutarmu ɗaya.

Injiniya ya ce tunda Allah ya ba mu hutun da kamfani bai taɓa ba mu ba, bari ya kwance famfon da ya daɗe yana yi masa tari. Kuku ya ce shi nasa hutun sai ranar da cikinmu ya tafi hutu.

A tsibirin nan aka yanke cibiyata. Yaran jirgi ba su sani ba. Injiniya ya sani, shi ya sa tun da muka tsaya ba ya kallon wajen in ina kusa.

Litinin, bayan la'asar

Na ɗauki madubin hangen nesa wai zan duba alamomin hanya. Gidanmu na duba. Rufin kwanon ɗakin Yaya yana nan da tsatsarsa, ƙofar a rufe. Ɓauren bakin ruwa yana nan, sai dai rabin saiwarsa a waje take, tana reto. A da, tsakanin ɓauren da ruwa akwai fili, a nan muke buga ƙwallo, a nan Inna take shanya. Yanzu filin ya zama kogi. Kowane jirgi in ya wuce sai igiyar ruwansa ta gutsiri kaɗan ta tafi da shi. Shekara da shekaru ina wucewa ta nan da gudu, ban taɓa tsayawa na ga yawan abin da aka gutsira ba.

Talata, da safe

Ruwa ya ƙara sauka. Ni ban sauka ba.

Laraba, bayan azahar

Manaja ya kira daga ofis. Ya ce, "Kyaftin, ka san halin da ake ciki. Ruwa na janyewa, manoma sun dame mu, su kuma waɗannan sun mayar da kogi gonar ubansu." Na ce ina ji. Ya ce an faɗa masa ni ɗan wajen ne, ko zan shiga in yi musu magana? Na ce zan duba.

Uwargida ma ta kira. Ba ta tambayi taki ba. Ta ce, "Baban yara, ka kira asibiti?" Na ce layin ba ya shiga daga nan. Ta ce, "To ni ta ina kake ji na?" Ta ce ita ta kira, an yi wa Yaya aikin, ya farfaɗo, ya nemi ruwan sha. Ta ce, "Yayanka ne fa. Ba ka da wani."

Na sani.

Alhamis, da hantsi

Kuku ya ɗaga wa wata mata hannu da ke wucewa da kifi a kwale-kwale. Ta kalli fentin jirgin, ta kau da kai, ta ci gaba da tuƙinta. Ya dawo yana mita, wai a tsakiyar kogi za a kashe shi da kifin gwangwani.

Na so in ce masa na san ta. Tare muka yi aji a makarantar tsibiri, ita ke ba ni aron fensir.

Muna yara kifi ba abin nema ba ne a mashigin nan. In ruwa ya sauka haka, ciyawa takan cika gefensa, kore shar har inda ido ya ƙare, ƙananan kifi a cikinta kamar an watsa gero. Baba ba ya barin kowa ya jefa taru a wajen sai ruwa ya dawo. Kuma a nan ayu, manyan dabbobin nan na cikin ruwa, ke kiwo. Da yamma in Inna na wanke-wanke sai ka ji wani huci a cikin ciyawa, kamar tsoho ya sauke kaya. Inna takan ce, "Ku yi a hankali, masu gida sun fito." Ba ka ganin komai sai hanci, baƙi, ya buɗe ya rufe ya nutse. Ran da na fara ganin guda ɗaya gaba ɗayanta, da ɗanta manne a gefenta, kuka na fashe da shi, na zaci mutum ce ruwa ya ci. Yaya ya yi ta mini dariya har ya faɗa ruwa.

A shekarar ne kuma babban jirgi ya fara wucewa ta wajenmu. Na bi shi da gudu a bakin gaɓa har ƙarshen tsibiri, ƙaya ta cika mini ƙafa ban ji ba. Yaya ko tashi bai yi ba daga gyaran komarsa. Tun ranar aka raba mu, ba mu sani ba.

Juma'a, bayan la'asar

Jirgin hukuma ya zo da wata mata da suke kira Dakta, ita ke kula da dabbobin kogi. Na yi zaton faɗa ta zo yi. Sai ta nemi shayi, ta cire hularta, ta zauna a kan akwatin igiya kamar wadda ta kwana biyu ba ta runtsa ba.

Ta nuna mini hoto a wayarta. Ayu ce, uwa, matacciya a kan yashi. Na san aikin farfela, fankar da ke tura jirgi, in na gan shi, layi-layi, jere a baya kamar an auna. Na mayar mata da wayar. Ta ce ɗan yana nan a cikin ciyawa, ba su samu kama shi ba. Ta ce a duk tsawon kogin nan babu inda suka rage da yawa sai wannan mashigi.

Na tambaye ta maganar yashe mashigin, don na ji ana cewa kamfanoni sun haɗu sun nemi a kawo jirgin yasa ya zurfafa shi kowa ya huta. Ta ce in aka yashe, ciyawa ta tafi, ƙwan kifi ya tafi, ayu su tafi, gaɓa ta zube. Sai kuma ta ce, "Amma Kyaftin, ni ma ɗiyar manomi ce. Na san abin da ake nufi da taki ya iso bayan shuka ta yi ja. Hanyar mota ta can ta mutu, kai ka fi ni sani. Kowa na kira na, kowa kuma gaskiyarsa yake faɗi."

Ba ta ambaci mutumin da ke cikin kwale-kwalen ba. Ina jin ta san yayana ne.

Asabar, da safe

Ruwa ya ƙara sauka. Wani tudun yashi ya fito a hagunmu, zalɓe ya riga kowa hawa.

Lahadi, da yamma

Ɗiyar Yaya ta zo. Ita ce malamar makarantar tsibiri yanzu, kowa Malama yake ce mata. Ita kaɗai ta tuƙo kwale-kwale har jikin jirgi. Yaran suka miƙa mata tsani, ta ce ba hawa ta zo yi ba. Na leƙo. Rabon da in gan ta tun tana goyon 'yar tsana, amma goshin Inna ne sak.

Ta ce, "Baffa, ina wuni."

Na ce, "Lafiya lau, ɗiyata. Ya mai jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi. An dawo da shi gida jiya." Sannan ta faɗa mini daga inda aka yanke masa ƙafa. Ba zan rubuta ba.

Na ce ya aiko ki ne? Ta ce a'a. Ta ce da aka shigo da shi ta ƙasan tsibiri ya ga jirgin, ya tambaya na wane ne, aka faɗa masa, ya ce a juya masa katifa ta kalli bango.

Na ce, "Ba ni ba ne, kin sani."

Ta ce, "Kowa ya sani, Baffa. Ba wanda ya ce kai ne." Ta ɗan daki ruwa da filafili don kada kwale-kwalen ya goge jikin jirgi. "Ni abin da ya kawo ni, an ce za a turo ku ku wuce da ƙarfi. Ina so ka sani ina cikin masu kwana a layin kwale-kwalen. Da ni da matan gidanmu. Kada ka ce ba ka sani ba."

Ta juya ta tafi. Yaran jirgi duk sun ji. Da Kuku ya kawo mini abinci ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe a ƙofar gida muke," ya ajiye ya fita da sauri.

Talata, da hantsi

Zafi. Ƙarfen jirgi ba ya taɓuwa. Injiniya ya ɗaura famfonsa ya sake kwance shi don kawai ya samu abin yi.

Ina ta tuna shekarar da Inna ta rasu. Ruwa ya cika har bakin ɓaure, muka kai ta tudun bayan makaranta. Da aka watse Yaya ya ce in bar aikin jirgi in dawo, ga ɗaki, ga taru, ga kogi. Na ce masa kogin nan ba na tsibiri kaɗai ba ne, akwai garuruwa a sama da ba su ganin siminti ko magani ko gishiri sai mun kai. Ya ce, "To ku kai, amma ku bar taka mu." Ba mu yi faɗa ba. Da faɗa muka yi da tuni mun shirya. Haka dai zumunci ya koma gaisuwa a waya, gaisuwar ta koma saƙo ta bakin mata.

Laraba, bayan magariba

Dogo ya kira ni, matuƙin wancan jirgin. A hannuna ya koyi sitiyari. Yana tashar ƙasa, an hana shi fita ko'ina. Ya ce, "Baba, wallahi ban gan shi ba. Gari bai gama wayewa ba. Ofis sun ce in yi sauri ruwa na gudu, na ƙara wuta kaɗan. Sai ihu na ji." Kuka yake kamar ƙaramin yaro. Matarsa na da tsohon ciki.

Mutanen tsibiri sun ce Yaya tsaye yake a kwale-kwale yana kaɗa riga, don ya ga uwar ayun da ɗanta a tsakiyar hanya. 'Yan sandan ruwa sun ce taru ya kafa inda aka hana. Dogo ya ce bai ga riga ba, bai ga taru ba. Na ce masa ya yi salla ya ci abinci. Ban faɗa masa ko wane ne mutumin ba. In ya ji, ba daga bakina ba.

Alhamis, da rana

Ban sauka ba.

Asabar, da yamma

Jirgin yasa ya iso, ya tsaya a bayanmu da dogon bututunsa. Tare da shi akwai jirgin 'yan sandan ruwa. Manaja ya ce sun samu izini daga sama, wani saman da ya fi hukumar kogi. Gobe da sassafe 'yan sanda za su yanke igiya, ni in bi bayansu tun ruwa bai gama tsere mana ba, jirgin yasa ya shigo daga baya. Ya ce, "In suka ji ƙarar inji da kansu za su kauce. Mutum ba ya tsayawa a gaban jirgi."

Na ce masa wani ya tsaya.

Ya ce, "Kyaftin, ba ni na yi dokar ba. Ni ma a wuyana ake zaune."

Injiniya ya same ni a ɗakin tuƙi. Ya ce, "In ka ce in tayar, zan tayar. In kuma kana so famfon nan ya sake lalacewa, minti biyu ne." Na ce a'a, ya bar famfonsa lafiya, ba za mu laɓe a bayan famfo ba.

Lahadi, bayan azahar

Bari in rubuta tun abin yana sabo.

Mun tayar da inji da sassafe, muka ɗaga anga. 'Yan sanda na gaba suna magana da lasifika. Na saki jirgi a hankali. Da muka matso sai na ga layin ya ninka na jiya. Ba su yi ihu ba, ba su ɗaga sanda ba. Zaune kawai suke a kwale-kwalensu, wasu da goyo, wasu da butar shayi. Mai kifin nan da ta hana Kuku tana nan. Malama tana tsakiya, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu.

Wanda bai taɓa tuƙi ba ba zai gane ba. Jirgi mai tirela uku ba mota ba ne, ba shi da birki. Akwai wani wuri, daidai inda tudun yashi ya ƙare, wanda in ka wuce shi ko ka ba da baya nauyin zai ci gaba da kai ka. Ina kallon wurin yana matsowa. Babban ɗan sandan yana ta kira a rediyon oba-oba, "Taho, Kyaftin, taho, za su buɗe."

Na ja inji baya. Jirgi ya yi gurnani, ruwa ya yi baƙi da laka, kwanukan Kuku suka zube. Muka tsaya. Na ce a saki anga.

Na ɗauki oba-oba na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba zan wuce ba. In akwai wanda zai wuce, ga sitiyari."

Ba wanda ya zo ya karɓa. 'Yan sanda suka ɗan zagaya suka koma. Mai jirgin yasa ya ce shi ba zai sa bututunsa a inda mata ke zaune ba, yana da uwa.

Manaja bai yi faɗa ba. Ya ce kawai in na dawo tasha in zo ofis da makullai.

Litinin, da safe

Uwargida ta ce, "To Alhamdu lillahi. Ka ci wani abu?" Shi ke nan abin da ta ce. Na ji tana jan hanci, ta ce albasa take yankawa.

Laraba, da hantsi

Ina tsammanin zan ji sanyi a raina, sai ga wani dattijo ya zo ya hana ni. Shugaban ƙungiyar manoman can sama ne. Ya hau mota, ya hau babur, ya hau ƙaramin jirgi, har ya iso. Ya nemi a buɗe masa tamfol ya ga takin da idonsa. Ya dafa buhu ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

Ya ce, "Kai ne matuƙin da ya ƙi wucewa?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ɗana, ban zo zagin ka ba. Amma hadari ya fara haɗowa a wajenmu. Bara ba mu samu komai ba, bana in takin nan bai iso ba, matasanmu duk birni za su gudu. Mu ba mu san ayu ba. Yunwa muka sani."

Kuku ya ba shi abinci, ya ci kaɗan, ya ce a kai shi tsibiri ya yi magana da su baki da baki. Na ce ba za su saurari wanda ya fito daga jirgin nan ba. Ya ce, "Za su saurari tsoho." Ya kuwa tafi, kuma bai dawo ba sai yamma, a kwale-kwalensu, da ƙullin busasshen kifi a cinya.

Juma'a, da yamma

An yi zama a makarantar tsibiri. Dakta ta ce dole in zo. Haka na taka ƙasarmu, da takalmin kamfani.

Ajin yana nan yadda na bar shi, har da tsagewar da ke jikin allo. Manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa kusa da haɓa. Akwai wakilin kamfanoni, akwai hukuma, akwai dattijon manoma, akwai dattawan tsibiri. An yi hayaniya. Wani ya ce a hana jirgi mashigin har abada. Wakilin kamfanoni ya ce to su ci ciyawar. Dattijon ya miƙe ya ce shi ya ga ɓauren da ke reto, ya ga gidajen da suka zube, in gonarsa ce ake ci haka shi ma zai tare hanya, amma don Allah a duba masa shukarsa.

Abin da aka tsayar, babu yasa a bana, sai hukuma ta gama nazari. Za a rage wa kowace tirela kaya, manyan kwale-kwalen tsibiri su ɗauki abin da aka rage su kai saman mashigi a sake lodawa. Tirela ɗaya-ɗaya za a wuce da ita, da rana tsaka, da mutumin tsibiri a goshin jirgi yana duba ruwa. In ya ɗaga hannu a kashe farfela. Dakta ta tambaye ni iyakar rage gudun da zan iya ba tare da sitiyari ya ƙi ji ba. Na ce kamar tafiyar mai ɗauke da tulu. Aka yi dariya, aka rubuta wani abu da ya fi wannan kama da doka.

Ba wanda ya fita yana murna. Kamfanoni sun ce aikin yini zai koma na mako. Matasan tsibiri sun ce an sayar da su. Maganar baɗi kuwa ba wanda ya taɓa ta.

Da aka tashi na bi ta gida. Na yi sallama a ƙofa. Matar Yaya ta fito, ta rasa inda za ta sa idonta, ta ce, "Ƙanina, sannu da zuwa. Barci yake." Daga ciki na ji tarinsa. Na san tarin Yaya na barci, na san na ido biyu.

Na ce a gaishe shi in ya tashi.

Lahadi, da rana

Ana ta sauke buhuna. Masu tare mu jiya su ne masu ɗaukar mana kaya yau, ba sa kallon mu, mu ma ba ma kallon su. Kuku ne kawai ya samu shiga, ya riga ya san sunan 'ya'yan kowa.

Talata, bayan la'asar

Mun wuce da tirela ta farko. Malama ce a goshin jirgi.

Ban taɓa bin mashigin nan a hankali haka ba tun ina tuƙa kwale-kwalen Baba. Ashe har yanzu agwagin kirinjijiya na sauka a ƙarshen ciyawa. Ashe turken da muke ɗaure jirginmu yana nan, ya yi baƙi. Har ƙamshin hayaƙin kifi na ji ta tagar ɗakin tuƙi.

A tsakiyar hanya ta ɗaga hannu. Na kashe. Shiru ya sauko, jirgi na tafiya da nauyinsa kawai, ina jin yashi na shafar cikinsa, ina gudun kada mu kafe. Sai ga hucin nan. Babba ɗaya, a dama, sannan wani ƙarami a bayansa. Yaran jirgi duk suka ruga gefe guda. Injiniya, wanda ya tsufa a kogin nan, ya ce shi bai taɓa gani ba, ya zaci tatsuniya ce.

Dakta ta ce ba ta da tabbacin ko maraya ne ya samu mai riƙo, ko wani ɗan ne daban da uwarsa. Malama ta ce shi ne.

Asabar, da safe

Ta ƙarshe ta wuce. An sake lodi. Dattijo ya ce a kan buhunansa zai zauna har gida, ba mai sauke shi. Na duba ƙofar ɗakin Yaya da madubi kafin mu sha kwana. A buɗe take, amma ban ga kowa ba.

Alhamis, da yamma, a tashar sama

Mun iso an riga an yi ruwa biyu. Wasu sun ce mun makara, wasu sun ce da sauran dama. Amalanke da babura sun cika bakin tasha tun kafin mu ɗaure. Dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Rabi ya samu." Bai ce rabin ya isa ba.

Laraba, da hantsi

Muna gangarowa babu kaya. Ruwa ya fara dawowa, ja, da ganye da itace. Wannan ce tafiyata ta ƙarshe a jirgin nan. Ina ta shafa sitiyari kamar wawa. Inda tafin hannuna ke zama fentin ya goge har ƙarfe.

Juma'a, bayan la'asar

Na ce wa Injiniya a saki anga a saman tsibiri, ina da uzuri. Ya ce famfo ma dama yana son a duba shi.

Na same shi a gindin ɓaure, a kan tabarma, sanduna biyu a gefensa, an naɗe ƙafar wandon an soke da allura. Ya rame. Gemun ya yi fari fat. Na tsaya daga nesa na yi sallama.

Ya ce, "Ka tsaya can kamar mai tambayar hanya. Ƙaraso mana."

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce ya jiki. Ya ce jiki ga shi nan, abin da ya rage. Muka zuba wa ruwa ido. Na shirya maganganu tun daga tashar sama, ko ɗaya ban samu ba. Can ya ce, "An ce sun karɓe maka jirgi." Na ce sai na kai shi tasha. Ya ce, "Yaron nan da ya taka ni fa?" Na ce matarsa ta haihu, mace. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya raya.

Sai ya waiga ya duba ko matan gida na kallo, ya rage murya. Ya ce, "Kai, tun da aka dawo da ni da bokiti suke mini wanka, kamar jariri. Likita ya ce ciwon ya rufe, amma sun hana ni ruwa. Gaɓar nan kuma ta yi tsayi, sanda ba ta sauka. Za ka iya ɗauka ta?"

Na cire takalmi na juya masa baya. Ya riƙe wuyana. Ban zaci zai yi rashin nauyi haka ba. Muka gangara ta cikin saiwoyi, yana ta faɗa, "Hagu, kai, hagu, can laka ce, wane irin matuƙi ne kai?" Na ji Malama daga sama tana kiran, "Baffa! Baba! Me kuke yi haka?"

Ruwa ya kai mini gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Na ji ya saki ajiyar zuciya a bayan kunnena. Na juyo na tallafe shi da hannu biyu, ina tsoron igiyar ruwa.

Ya ce, "Sake ni."

Na ce, "Yaya, ruwan na da ƙarfi."

Ya ce, "Na riga ka sanin sa. Sake ni, ƙanina."

Na sake shi. Ya nutse, har na fara lalube, sai ga kansa ya ɓullo can gaba yana furzar da ruwa yana dariya. Ya ɗan karkata gefe guda, ya gyara, ya miƙe. Ya waigo ya ce, "To, tsayuwar me kake yi? Ko kamfani ya karɓe maka iyo ma?"

Na bi shi, da rigar aiki a jikina.